Yadda Magidanci Zai Riƙe Gida da Sana'a a Garin Kan Iyaka

Duk wanda ya girma a Kamba ko Dole-Kaina ko Kangiwa ko Bachaka ya san irin safiyar da ake wayar gari a tarar an gitta ƙarfe a ƙofar iyaka, manyan motocin da suka kwana da lodi sun yi jerin gwano har bayan gari, alhali babu wanda ya nemi jin ta bakin mutanen garin kafin a yanke hukuncin. Mun ga wannan safiya a watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma ƙofar Kamba ba ta buɗe a hukumance ba sai a watan Afrilun 2022. Ba mu gama miƙewa ba sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ƙofa ta sake rufuwa har zuwa watan Maris na 2024. Idan aka haɗa lissafi, cikin shekaru biyar ƙofar Kamba ta shafe fiye da shekaru uku a rufe. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin duk shawarar da zan bayar a nan, domin magidancin da ya jingina abincin gidansa kacokan a kan ƙofar da mabuɗinta yake Abuja da Yamai ya ɗora tukunyarsa a kan murhun da ba shi ke iza masa wuta ba.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin layin da muke zaune a kansa, saboda sanin asalinsa yana hana mutum yaudarar kansa. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a kan takarda, suka yi ta gyara shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Layin ya raba Arawa biyu, wasu suka faɗa Kangiwa wasu Dogon Dutsi da Matankari. Ya raba Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa tsakanin Kamba da Gaya, ya kuma ratsa Dole-Kaina, inda mutum kan fito daga gidansa a ƙasa ɗaya ya je gaisuwar mutuwa a wata ƙasar ba tare da ya yi zufa ba. Kakanninmu sun bi wannan hanya da jakuna ɗauke da gishirin Foga da kanwa, sun ratsa ta Gaya da Illo zuwa Gwanja sayen goro, tun kafin a san wani abu wai shi fasfo. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da daɗin faɗa a majalisa. Amma sojan da aka turo daga Inugu ko Binuwai ya tsaya a shinge bai san kakanka ba, bai kuma san cewa matarka 'yar Gaya ce ba. Abin da aka gaya masa shi ne nan iyaka ce, akwai makamai da ƙwayoyi da 'yan bindiga da ke ratsawa. Ka tsara rayuwarka a kan abin da shi yake gani, ka bar tarihin a zaure.

Saboda haka aikin farko shi ne takardu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane baligi a gidanka, mace da namiji, ya mallaki lambar NIN da takardarta a hannu, kowane yaro kuma a yi masa takardar haihuwa a ofishin hukumar ƙidaya tun yana goye. A garuruwanmu ana yawan sakaci da takardun mata da tsofaffi, bisa zaton ba sa tafiya, sai ranar da naƙuda ta yi gardama aka nufi asibitin Birnin Kebbi da dare, ko ranar da aka ce gari ya tashi. Wanda yake tsallakawa a kai a kai ya nemi takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS ko fasfo a ofishin shige da fice, tare da katin allurar shawara mai launin ɗorawa. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun mutanen waɗannan ƙasashe har sai an sanar da wani abu daban, wanda ke nufin abin da dā haƙƙi ne yanzu ya koma alfarma. Kafin kowace tafiya ka tambayi direban da ya dawo jiya abin da jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastam ɗin Nijar, suke nema a yau, domin labarin makon jiya ya tsufa.

Takardun gona da na gida ma haka. Idan gonarka ta gado ce kuma babu rubutu a kanta, ka je wurin dagaci da uban ƙasa a rubuta iyakokinta da sunayen maƙwabtan gona, shaidu su sa hannu. Ka ɗauki hoton kowace takarda da waya, ka kuma yi kwafi biyu, ɗaya a cikin leda a ƙasan adakar uwargida, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa da ke zaune nesa da iyaka, a Birnin Kebbi ko Jega ko Sakkwato. Wanda yake riƙe da takardun ƙasashe biyu, kamar yadda ake samu a gidajen da aure ya haɗa, ya yi hattara kada ya nuna biyun a shinge ɗaya da sunaye ko shekarun haihuwa da suka saɓa wa juna. Na ga dattijon da ya wuni a zaune a ƙarƙashin darbejiya a gefen shinge saboda katinsa ɗaya ya ce Mamman ɗayan ya ce Mahamadou, kuma tsakanin shekarun haihuwar akwai ratar shekara huɗu. Bai yi laifin komai ba, amma ya rasa cin kasuwar ranar.

Sai maganar shinge, wadda ita ce abincin yau da gobe. Daga Kamba zuwa Bunza har Kalgo, ko daga Kangiwa zuwa Argungu, matafiyi zai haɗu da kwastam da jami'an shige da fice da 'yan sanda da sojoji da jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi, wani wuri har da 'yan banga, kuma kowannensu abin da yake dubawa daban ne. Kwastam kaya yake nema, na shige da fice mutum yake nema, soja kuwa hannunka da fuskarka yake kallo. Idan kana kan babur ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke rawani ko ƙyallen da ka rufe hanci da shi saboda ƙura, in kuma ka ga alamar ana sauka a tura, ka sauka ka tura ba tare da ka jira an daka maka tsawa ba. Idan mota ce da dare, direba ya rage fitilar gaba ya kunna ta ciki. Kada ka sa hannu a aljihu sai an ce ka fito da takarda, kada ka amsa waya, kada kuma ka ɗaga ta kamar mai ɗaukar hoto. Ka yi sallama, ka ce "Yallaɓai, barka da aiki," ka faɗi inda ka fito da inda za ka a taƙaice, kuma abin da ka faɗa a shingen farko shi za ka faɗa a na biyar. Matasa su suka fi buƙatar wannan tunatarwa. Yaron da ya saba mayar wa yayyensa magana a gida yakan ɗauka shinge ma wurin nuna ya san haƙƙinsa ne, alhali yana magana da mutumin da ya yi kwana uku bai yi barcin kirki ba kuma riƙe yake da bindiga.

Ba zan ɓoye cewa ana karɓar na goro a hanya ba, kowa ya sani. Ra'ayina shi ne mutum ɗaya ba ya iya gyara wannan a bakin shinge, kuma gardama a wurin ba ta haifar da komai sai ɓata lokaci da zubewar tumatir. Abin da ke aiki shi ne rubutu. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne ka nemi rasit cikin ladabi. Wanda ba a ba da rasit ba, in ka isa gida ka rubuta rana da wuri da adadi a littafi. Idan direbobi ashirin na tasha ɗaya suka yi haka na wata uku, shugabannin ƙungiyarsu za su shiga ofishin kwantirola ko na kwamanda ko fadar Sarkin Kabin Argungu da hujja a hannu, ba da "an ce" ba. Akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, dukansu suna karɓar ƙorafi a rubuce, kuma takardar da ƙungiya ta sa wa hannu ba ta jefa mutum ɗaya cikin haɗari.

Yanzu ga babbar magana, wato abin da gida zai ci. A garin iyaka sana'o'i iri biyu ne, ko da yake ba kowa ke lura ba. Akwai waɗanda ke rayuwa da motsin ƙofa: ɗan dako, ɗan kamasho, ɗan canji, fatoma mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, mai shayin bakin tasha, mai faci, matar da ke dafa shinkafa da wake domin direbobi, ɗan kabu-kabu mai jigilar fasinja zuwa bakin iyaka. Akwai kuma waɗanda ke rayuwa da ƙasa da ruwa: manomi, masunci, makiyayi, mai surfe da gumi. Lokacin da ƙofa take buɗe rukunin farko ne ke da kuɗi a aljihu, su ke sayen sabon babur, su ke ƙara aure, manomi kuwa ana yi masa kallon wanda bai waye ba. Ranar da aka gitta ƙarfe kuwa, cikin mako biyu mai shayi ya koma dafa rabin tukunya, mai masauki ya share ɗakunan baƙi babu mai shiga. Ƙa'idar da nake ba kowane magidanci ita ce, ya zauna da alƙalami ya raba kuɗin shigar gidansa gida biyu, na ƙofa da na ƙasa. Idan ya tarar na ƙofa ya haura rabi, to gidansa a kan ƙafa ɗaya yake tsaye, kuma ribar bana ba ta sayen babur na biyu ba ce, ta neman gona ce ko injin ban ruwa.

Allah Ya yi wa Kebbi baiwar da yawancin garuruwan iyaka ba su da ita, wato fadama. Kogin Neja da Gulbin Kabi sun shimfiɗa ƙasar da ake noman shinkafa damina da rani, kuma a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na babban bankin ƙasa a watan Nuwambar 2015 saboda wannan dalili. Wanda ba shi da gona a fadama zai iya karɓar aro ko jingina ko ya shiga noman raba-daidai. Sai dai a yi lissafin fetur tun kafin a zuba iri. A Nuwambar 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya sa manomin Kamba ya riƙa sayen man injinsa a hannun 'yan bumburutu da tsadar da ta fi ta birni, sannan aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 farashi ya ninka. Ga wanda yake da hali, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya fi kwanciyar hankali, domin babu jarkar da za a kama a shinge. Manoma uku ko huɗu da gonakinsu ke maƙwabtaka za su iya haɗa kuɗi su saya su riƙa karɓa-karɓa, muddin an rubuta ranakun kowa a gaban shaidu tun farko.

Kuma kada a sayar da amfanin gona duka a kaka saboda farashi ya yi daɗi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, mai riƙe da sefa yana ganin hatsinmu da araha, dillali zai zo har bakin rumbu ya yi maka tayin da zai sa ka manta da watan Yuli. Ka fara ware abincin gida na shekara, ka ƙara na wata biyu saboda baƙin da rikici kan koro, ka rufe rumbun ka ba uwargida mabuɗi, sannan ka yi ciniki da abin da ya saura. Ka tuna cewa ɗaya ɓangaren ma yana rufe nasa hannu idan ya ga dama: Nijar ta hana fitar da hatsi a watan Oktoban 2024, ta kuma hana fitar da dabbobi a watan Mayun 2025 ana gab da babbar salla, 'yan tireda da yawa da suka ci bashi domin ragunan layya suka kwana a ciki.

Game da kuɗi, shawara gajera ce. Kada ka tara duk abin da ka mallaka a nau'i ɗaya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna mana illar dogaro da banki kaɗai, katse layukan waya da aka yi a Zamfara a watan Satumbar 2021 kuma ya nuna cewa mai POS ma yakan wayi gari da na'urar da ba ta magana. Ka riƙe tsabar da za ta ciyar da gida mako biyu, ka bar wani abu a banki, wani kuma a tumaki ko buhunan shanshara. Sefa tana ɗaure da kuɗin yuro, shi ya sa ba ta tangal-tangal kamar naira, amma ajiye jakkunan sefa masu yawa a ɗaka kiran ɓarawo ne, kuma ɗaukarsu a hanya yana jawo tambayoyi. Bashin da ke tsakaninka da abokin ciniki na tsallake kuwa, ka rage shi iyakar iyawa, ka kuma rubuta da wane kuɗi za a biya. Zumunci da yawa ya mutu a 2023 saboda an ba da kaya da lissafin naira an zo biya bayan wata takwas naira ta zube.

Idan ƙofa ta rufe, barauniyar hanya takan buɗe, kuma nan ne jarrabawar take. Za a zo wa ɗanka da tayin ya ɗauki buhun shinkafa biyu ko jarka shida a babur ya bi ta daji da dare, a biya shi abin da ba ya samu a kwana uku na kabu-kabu. Na san gidajen da wannan ya ciyar, ba zan kuma yi musu wa'azin wanda ya ƙoshi ba. Amma dajin da ake bi a 2019 ba shi ne dajin yau ba. A wancan lokaci abin tsoro shi ne kwastam su ƙwace kaya da babur. Yau akwai Lakurawa, waɗanda rundunar tsaro ta ƙasa ta bayyana su a Nuwambar 2024, a watan da suka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie suka kashe mutane, kuma babbar kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2025. Saurayin da aka gani da jarkokin mai a daji da dare, soja zai ɗauke shi mai kai wa 'yan bindiga, su kuma 'yan bindigar za su ɗauke shi ɗan leƙen asiri ko su mayar da shi ɗan aikensu da ƙarfi. Wani ƙanen mahaifina yakan ce wa 'ya'yansa, "Kai yaro, kayan da ba ka ga cikinsa ba, ko na surukinka ne kada ka ɗora wa babur ɗinka." Wannan ita ce doka ta farko. Ta biyu, kada ka sayar wa baƙon fuska mai ko burodi ko katin waya ko magani da yawan da ya wuce buƙatar gida ɗaya, komai kyan farashin. Ta uku, baƙon da zai kwana a gidanka ka kai shi wurin mai unguwa ya gan shi, ko da ɗan'uwan matarka ne daga tsallake, saboda ranar da aka zo tambaya a samu wanda zai shaide ka.

Su Lakurawa sukan fara shigowa da fuskar taimako, su kori ɓarayin shanu, su yi wa'azi, su raba wa matasa kuɗi, daga baya su fara karɓar shanu da sunan zakka suna hukunta mutane. Garin da ya karɓi taimakon farko ya riga ya ci bashin da ba zai iya biya ba. Idan ka ga wani abu, kada ka faɗe shi a majalisa ko a wurin mai shayi, kada kuma ka rubuta a Facebook ko a zauren WhatsApp na 'yan gari, domin ba ka san wa ke karantawa ba. Ka kai shi ga mutum ɗaya da ka amince da shi cikin masu gari, wanda ka san yana da hanyar isar da shi ga jami'an tsaro ba tare da an ambaci sunanka ba. Ka kuma hana yaranka yawan surutu a kan inda sojoji suke kwana da lokacin da suke fita.

A cikin gida a yi shirin da ba a so a yi amfani da shi. Kowa ya san inda za a haɗu idan aka watse, da gidan ɗan'uwan da za a nufa. Yaran da suka yi wayo su haddace lambar waya ɗaya a ka. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganin wata guda a gaba, mace mai ciki kuma, idan watanta ya kama kuma awon ya nuna akwai matsala, a kai ta gidan dangi kusa da babban asibiti tun kafin naƙuda, saboda babu direban da zai yarda ya ratsa shinge goma da ƙarfe biyun dare. Babur ya kwana da mai a ciki.

Zumunci da 'yan'uwa na tsallake kada a bari ya yanke, kuma wannan ba maganar tausayi ba ce kawai. Lokacin takunkumin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda layinta ya bi ta Birnin Kebbi, magunguna da abinci suka yi tsada a can, mutanen Gaya da Doso suka riƙa jin cewa 'yan'uwansu ne suka juya musu baya. Gidajen da suka ci gaba da aika gaisuwa da ɗan abin da ya samu, su ne aka fara kira da ciniki ranar da aka buɗe. Zumunta a ƙafa take, in ƙafa ta kasa sai a yi da waya, kuma wanda ke bakin iyaka ya riƙe layin ƙasashen biyu, kowanne da rajistar sunansa na gaskiya. A guji gardamar siyasar Tchiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki a Nijar, da Tinubu a wurin biki ko zaman makoki, domin babu ɗayansu da zai zo sulhunta ku.

Mutuwar gari ba ta zuwa rana ɗaya, kuma ya kamata magidanci ya iya karanta alamominta kamar yadda yake karanta hadari. Alama ta farko ba harbi ba ce. Ita ce ranar kasuwa da aka tashi kafin la'asar. Sai malamin makarantar da aka turo daga wani gari ya nemi canji ba a maye gurbinsa ba, sai ma'aikaciyar asibiti ta koma zuwa sau biyu a mako, sai mai kemis ya daina kawo maganin da ke buƙatar firji. Sai samari su tafi cirani Legas ko Abuja ko wuraren haƙar zinariya, damina ta faɗi ba su dawo ba, sahun sallar asuba ya koma na masu furfura. Wannan ba a kanmu aka fara ba. Lokacin da Jamus take rabe biyu, gwamnatin Gabas ta killace kilomita 5 daga iyaka a 1952 ta kwashe dubban mutane daga ƙauyukansu, ta Yamma kuma da ta ga garuruwan bakin layin suna zubar da matasa sai ta yi doka a 1971 ta ware tallafi na musamman ga yankin da ke cikin kilomita 40 daga iyakar. Mu ma muna da hukumar raya yankunan kan iyaka da aka kafa da dokar 2003, kuma aikinta ke nan, wato ruwa da makaranta da asibiti a irin garuruwanmu. Ƙungiyar ci gaban gari ta rubuta mata buƙata guda ɗaya takamaimai, a bi ta hannun ɗan majalisar tarayya na mazaɓa, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, a kuma koma bibiya. Takardar da ta lissafa buƙatu goma sha biyar ba a yin ko ɗaya.

Makaranta ita ce abin da zan ce a riƙe da haƙori. Iyalin da ke shawarar tashi yawanci ba yunwa ce ke yanke musu hukunci ba, ganin yara suna zaune a gida ne. Idan gwamnati ba ta turo malami ba, iyaye su yi karo-karo su riƙe ɗan garin da ya gama kwalejin ilimi ta Argungu yana zaune babu aiki, ko da da tiyar shinkafa ce daga kowane gida. Matan gari su ci gaba da adashe ko da zubin ya ragu, domin ranar kwasa ita ce jarin da ke mayar da mai abincin tasha ta koma mai gumin shinkafa.

Akwai kuma lokacin da tashi shi ne daidai, kuma ba abin kunya ba ne. Ni ma'aunina uku ne: idan gona ta gagari zuwa damina guda cur, idan masu bindiga sun fara shigowa gari da rana suna karɓar haraji, ko idan an fara neman samarin gida su bi su. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. A yi tashin daki-daki ba gudun tsakar dare ba: a fara tura mata da yara da tsofaffi wurin dangi, a sa yara makaranta a can cikin makon farko, a rage dabbobi tun suna da daraja kafin dillalai su gane cewa dole ce ta sa ake sayarwa. Kada a sayar da gona a wannan hali, domin farashin gudun hijira za a ba ka. A ba da ita aro ga wanda ya zauna, a rubuce, a gaban dagaci, da sharaɗin shekara-shekara. Gidan ƙasa kuwa ba ya son kaɗaici, wanda aka rufe aka bari damina biyu ta isa ta kwantar da katangarsa. A bar mabuɗi a hannun maƙwabci, a bar masa kuɗin yaɓe da na gyaran indararo, a kuma roƙe shi ya riƙa buɗe ɗakunan yana sharewa, ya ɗaure akuyarsa a tsakar gidan in yana so, domin mai wucewa ya ga alamar akwai mutane.